Shin haske na iya gyara barcin mai gigin tsufa?

Tambaya: Likita, mahaifina shekarunsa 74. Kusan shekara guda ke nan yana fama da mantuwa: ya yi tambaya a ba shi amsa, can anjima ya sake yi. Da rana barci yake yi a ɗaki, da dare kuma idonsa biyu, wani lokaci ya tashi ƙarfe biyu ya ce zai tafi kasuwa. Da almuru ya fi rikicewa. Na ga ana tallar wata fitila a intanet, wai hoton ƙwaƙwalwa ya nuna tana gyara barci, tana kuma hana gigin tsufa. In saya masa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri, domin jinyar wanda ba ya barcin dare ba ƙaramin aiki ba ne. Malama, ki riƙe kuɗinki tukuna. Haske yana taimako, amma irin wanda Baba ya fi buƙata yana nan a tsakar gidanku kowace safiya.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta kimanin 20,000, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shi ne agogon jiki. Hasken da ya shiga ido ne ke saita shi kullum, ta wasu ƙwayoyi na musamman a bayan ido waɗanda suka fi jin shuɗin haske irin na sararin sama. In duhu ya yi, agogon kan ba da izinin sakin sinadarin melatonin, jiki ya san dare ya yi. Cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba wajen jawo gigin tsufa, tana cin wannan curin. Ga kuma yanar ido da ke tare haske. Sai mu ma mu ƙara namu: don tausayi mu bar tsoho a ƙuryar ɗaki, taga a rufe, labule a sake. Hasken ɗaki da wuya ya wuce luks 300 a ma'aunin haske, alhali inuwar bishiya da hantsi tana ba da dubbai. Agogon da ya riga ya yi rauni, aka kuma hana shi abin saiti, dole ya mai da dare rana.

Batun hoton ƙwaƙwalwa kuwa, masu talla ba daga sama suka tsinto shi ba, sai dai sun ƙara masa gishiri. A 2013 ayarin Maiken Nedergaard na Jami'ar Rochester a Amurka ya gano cewa in ɓera ya yi barci, ruwan ƙwaƙwalwarsa kan fi kwarara yana kwashe dattin da ya taru, har da furotin ɗin amiloyid da ke daskarewa a cutar Alzheimer. A 2019 masu bincike a Jami'ar Boston suka sa mutane barci cikin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, suka ga ruwan yana shiga yana fita kamar igiyar kogi, kusan duk daƙiƙa 20. Kafin nan, a 2018, an hana wasu lafiyayyu 20 barci dare ɗaya tak, wani nau'in hoton ƙwaƙwalwa da ake kira PET ya nuna amiloyid ya ƙaru da kusan kashi 5 cikin ɗari a sassan da suka haɗa da ma'ajiyar sabbin tunani. Duk wannan hujja ce a kan muhimmancin barci. Babu fitila a cikin waɗannan gwaje-gwaje.

Binciken da ya haɗa haske da hoto kai tsaye shi ne na Li-Huei Tsai a jami'ar MIT ta Amurka. A 2016 ta nuna cewa haske mai ƙiftawa sau 40 a daƙiƙa ya rage amiloyid a ƙwaƙwalwar ɓeraye. A 2022 aka fitar da sakamakon gwaji a kan mutane masu farkon cutar: awa ɗaya kullum ta haske da sauti, tsawon wata uku. Hoton MRI ya nuna ƙwaƙwalwar waɗanda suka samu ba ta tsuke kamar ta sauran ba, lokutan barci da farkawarsu ma sun fi daidaita. Ina fatan abin ya tabbata, wallahi. Amma mutum 15 ne kacal, aka raba su gida biyu, kuma a 2023 wasu masana a Jami'ar New York sun maimaita gwajin ɓerayen ba su ga raguwar amiloyid ba. Sannan haske mai ƙiftawa yana iya tayar da farfaɗiya ga mai ita, don haka ban yarda a kunna wa tsoho shi a gida ba tare da likita ba.

Wanda na fi dogara da shi bai yi amfani da hoto ba ma. A Holan aka yi shi, aka buga a 2008: tsofaffi 189 a gidajen kula da su guda 12. Wasu gidajen aka ƙara musu hasken falo zuwa kusan luks 1,000 duk yini, wasu aka bar su a 300. Masu haske sun fi walwala, kuma raguwar basirarsu ta ɗan sassauta da kimanin kashi 5 cikin ɗari. Kaɗan ne, kuma cutar ba ta tsaya ba. Waɗanda aka ba ƙwayar melatonin kaɗai ba haske sun fi samun barci, amma sun ƙara janye jiki daga mutane, shi ya sa ba na son a saye ta a kemis a riƙa ba shi haka nan.

To ga abin da za ki yi. Bayan asuba kada ya koma ɗaki ya rufe. Da rana ta fito a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida ko bakin zaure, a kawo masa kokonsa can, ya yi minti 30 zuwa awa ɗaya, jikoki na kai da komo a gabansa. Ba sai ya kalli rana ba, kuma kafin zafi ya taso a mai da shi inuwa, ruwan sha a kusa. Da hunturu a sa masa rigar sanyi, a dai fitar da shi. In ƙafa na yi, ɗan tattaki zuwa masallaci da rakiya ya fi. Barcin azahar kada ya wuce rabin awa. Goro da shayi su tsaya kafin la'asar. Rikicewar almurun nan kuwa, ki riga ta: kunna fitilar ɗaki tun kafin magariba, domin inuwoyin da ke tasowa a bango ne sukan ruɗa shi. Bayan isha'i a rage haske, a kashe talabijin, a bar 'yar ƙaramar fitila mai jan haske a hanyar banɗaki saboda faɗuwa. Lokacin tashi da na kwanciya su zama ɗaya kullum, ki ba abin mako uku zuwa huɗu.

Kuma ki kai shi asibiti, kada a ce tsufa ne kawai. A duba hawan jini da suga, ƙarancin bitamin B12, aikin maƙoƙo, da magungunan da yake sha. In yana minshari har numfashi ya ɗauke, ki faɗa wa likita. A duba idanunsa ma, don cire yana kan buɗe wa agogon nan hanya. In kuwa rikicewar ta tsananta farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da zazzaɓi ko babu, wannan na gaggawa ne, a tafi da shi a ranar.