Filin Lafiyar Iyali: Jariri da Zafin Bazara

Tun da watan Maris ya kama, yawancin wasiƙun da ke shigowa wannan fili sun koma kan magana ɗaya, wato yadda za a yi da jariri a lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Haihuwata ce ta fari, kuma ɗana yana da wata uku. Nono zalla nake ba shi kamar yadda aka koya mana a wurin awo, amma tun da zafi ya tsananta uwar mijina take cewa rashin tausayi ne a hana yaro ruwa alhali manya ma a gindin randa suke wuni. Ta ce duk 'ya'yanta da ruwa ta raine su, kuma babu abin da ya same su. Ga shi kuma yaron ya ƙara yawan neman nono. Shin in ba shi ko da cokali ɗaya ne? Daga wata mai shayarwa, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Kada ki ba shi ruwa, ko da cokali ɗaya ne, har sai ya cika wata shida. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ba su keɓe ƙasashe masu zafi daga cikinta ba, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Idan kin lura, nonon da ke fara fitowa a farkon kowace shayarwa tsinkakke ne, sai yaro ya daɗe yana tsotso sannan mai kauri da maiƙo ya biyo baya. Saboda haka yaron da ƙishirwa ta dama yakan nemi nono a kai a kai, ya ɗan sha kaɗan ya saki, jim kaɗan kuma ya sake nema. Abin da ɗanki yake yi ke nan, kuma hakan ba ya nuna cewa nononki ya gaza. Ki riƙa ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, ba tare da duba agogo ba.

Illar ruwan kuwa ta fi yadda ake zato. Cikin jariri ƙarami ne, duk gurbin da ruwa ya cika gurbin nono ne ya ƙwace, kuma idan yaro ya rage tsotso jikin uwa ma yakan rage kawo nono, daga nan sai rama ta fara. Bayan haka akwai maganar tsabtar ruwan kansa. A bazara rijiyoyi kan ja baya, famfo kan yi kwanaki bai zo ba, gidaje da yawa sai sun sayi ruwan jarka daga 'yan garuwa, kuma ƙwayoyin cutar da babban mutum zai sha ya kwana lafiya suna iya sa jariri gudawar da za ta ƙarar da ruwan jikinsa cikin yini guda. Sannan ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin da za ta tace ruwa mai yawa ba, don haka idan aka ɗura masa da yawa gishirin da ke cikin jininsa yana iya tsinkewa har ta kai shi ga jijjiga. Haka zuma ma, wadda wasu ke lasa wa yaro ko su jiƙa masa a ruwa, ba a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba.

Game da Hajiya kuwa, ƙaunar jikanta ce ta sa ta magana, kuma ba daidai ba ne ki tsaya jayayya da ita. Abin da na ga ya fi amfani shi ne maigidanki ya yi mata bayani da kansa, ko kuma ki roƙe ta ta raka ki asibiti ranar riga-kafi ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya. Ki kuma nuna mata cewa ruwan da take so a ba jikanta ke ya kamata ta riƙa bai wa, domin mai shayarwa tana buƙatar ta ajiye ruwa kusa da ita ta sha duk lokacin da ta zauna ba da nono, ta haɗa da kunu da fura da 'ya'yan itatuwa irin su kankana.

Hujjar da za ta kwantar da hankalinku ku duka ita ce fitsarinsa. Yaron da ke jiƙa nafkin sau shida ko fiye a kwana ɗaya, fitsarin kuma fari-fari ba mai duhu da wari ba, yana samun ruwan da ya ishe shi. Idan fitsarin ya ragu ƙwarai, bakinsa ya bushe, idanunsa suka zurma, yana kuka ba hawaye, ko maɗigarsa ta faɗa, to ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa, kuma asibiti za a nufa nan take ana ba shi nono a hanya. Shafa magani a kan maɗiga, kamar yadda aka saba a gidaje da yawa, ba ya mayar da ruwan da ya fita, sai dai ya cinye lokacin da ya kamata a ce an isa wurin likita. Idan gudawa ce ta kawo hakan, za a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda aka fi sani da ORS, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, kuma ba a dakatar da nono. Da zarar ya cika wata shida ya fara cin abinci, sai ki fara ba shi tafasasshen ruwan da ya huce, kaɗan kaɗan a ƙaramin kofi.

Tambaya: Malama, matata ta haihu mako uku da suka wuce. Ɗakinmu rufin kwano ne, wutar lantarki kuma ba ta zama. Duk da haka kullum jaririyar tana cikin hula da safa da rigar sanyi, an naɗe ta da shawul, kuma dattijuwar da ke yi wa matata wankan jego ta hana a kunna fanka ko a buɗe taga, wai sanyi zai kama mata haƙarƙari. Ni dai ina ganin yarinyar tana jiƙewa da gumi. Mene ne daidai? Daga wani magidanci, Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah ya raya, ya kuma ba mai jego lafiya. Abin da idonka ya gani shi ne gaskiya. Dattijuwar tana da hujja ta wani gefe, domin sabon jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, kuma a lokacin hunturu wannan naɗin da take yi shi ne daidai. Sai dai jikin da ba ya iya riƙe ɗumi shi ne kuma ba ya iya fitar da zafi yadda ya kamata, ga shi ba ta da bakin da za ta ce a cire mata hula. Yawan lulluɓi a ɗaki mai zafi yana cikin abubuwan da likitoci suka danganta da mutuwar jarirai ta farat ɗaya a cikin barci, shi ya sa maganar ta wuce ta jin daɗi kawai.

Da rana riga ɗaya marar nauyi ta auduga da nafkin sun ishe ta, idan zafin ya kai maƙura ma nafkin kaɗai ya wadatar. A cire hular muddin tana cikin ɗaki, domin ta kai jariri ke fitar da zafi mai yawa. Idan ana so a san halin da take ciki, a taɓa ƙirjinta ko ƙeyarta, kada a yi la'akari da tafin hannu da na ƙafa, waɗanda sukan yi sanyi ko da jikin yana da zafi. A riƙa kwantar da ita a rigingine, a kan shimfiɗar auduga, a kuma cire ledar da ake sawa don kare katifa idan tana taɓa fatarta. Bakwaini ne kaɗai, ko jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi, ake bi da shi daban, kuma shi ma umarnin asibitin da aka haife shi za a bi.

Fanka ba ta kawo ciwon haƙarƙari. Ƙwayoyin cuta ne ke haddasa namoniya, wato wannan ciwon haƙarƙarin, kuma hayaƙin itace ko na gawayi a rufaffen ɗaki ya fi iska ƙara haɗarinta nesa ba kusa ba, don haka kaskon garwashin da ake shigar wa mai jego ba shi da wuri a ɗakin da jaririya ke kwance a wannan yanayi. A kunna fanka ta riƙa juya iskar ɗakin ba tare da an saita ta a kan yarinyar ba. A Ingila akan shawarci iyaye su riƙe ɗakin jariri tsakanin digiri 16 da 20, abin da mai rufin kwano a Maraɗi ba zai taɓa gani ba a watan Afrilu, saboda haka da abin da ke hannu za a yi aiki. A saki labule ko asabari a gefen da rana ke bugawa, a rataya jiƙaƙƙen zane a taga, a buɗe ko'ina idan yamma ta yi, a kuma mayar da ita ɗaki mafi sanyi a gidan da tsakar rana, ko da ɗakin ƙasa ne na wata tsohuwa. Ana iya goge mata jiki da tsumma mai ruwa marar sanyi sosai, amma ban da ruwan ƙanƙara. Idan a tsakar gida kuke kwana, lallai ta kasance cikin gidan sauro, kuma a ajiye zane marar nauyi kusa saboda sanyin asuba. Janareta kuwa a nisanta shi da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai kisa wadda ba a jin warinta.

Idan arba'in ta cika aka fara fita, a guji tsakanin ƙarfe 11 na safe da la'asar, kuma idan an goya ta kada a rufe kanta da tawul ko a saki hijabi a kanta, domin iska ba ta shiga wurin kuma zafin jikin uwa yana haɗuwa da nata. Laima ta fi. Ba a kuma barin jariri a cikin mota a tsaye ko da na minti kaɗan ne.

Tambaya: Ƙananan ƙuraje jajaye sun feso wa 'yata a wuya da hammata da matsematsi. Ina shafa mata basilin sannan in barbaɗa hoda, amma sai ƙaruwa suke yi. Daga wata uwa, Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, bisa bayaninki waɗannan ƙurajen zafi ne, kuma suna fitowa ne idan ƙofofin gumi suka toshe. Basilin da duk wani mai mai kauri suna ƙara toshe su, hoda kuma tana cakuɗewa da gumi ta daskare a lungunan fata, ban da haɗarin da ke cikin yarinya ta shaƙe ta zuwa huhu. Ki dakatar da duka biyun, ki riƙa yi mata wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu sau ɗaya kawai a yini, ki tsane lungunan sosai, ki bar ta ba famfas na ɗan lokaci ta sha iska. Yawanci sukan baje cikin kwanaki kaɗan. Idan suka fara ɗurar ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, sai a kai ta asibiti. Kada ki sayi man shafawa na haɗe-haɗe a kemis ba da rubutun likita ba, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fatar jariri.

Tambaya: Jikana ɗan wata biyu yakan yi zafi rau da rana. Yaya za mu bambance zafin gari da zazzaɓi? Daga wata kaka, Gusau.

Amsa: Hajiya, hannu ba ya iya raba wannan gardama, sai ma'aunin zafin jiki, wanda ake samu a kemis da kuɗi kaɗan kuma ya kamata kowane gida mai jariri ya mallaka. A sa shi a hammata. Zafin lafiyayyen jariri yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Idan ya ɗan haura haka kaɗan, a cire masa kaya, a kai shi inuwa, a ba shi nono, a sake aunawa bayan rabin sa'a, domin zafin gari yakan sauka da wannan. Amma idan ya kai digiri 38 ga yaron da bai cika wata uku ba, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne, kada a fara ba shi farasitamol ko maganin maleriya a gida a zauna jira.

Dalilin wannan tsanantawa shi ne bazara lokacin sanƙarau ce. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna cikin yankin da cutar ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma takan yi ƙamari a watannin rani masu ƙura da zafi har zuwa faɗuwar damina. Irinku manya ba ku manta da annobar 1996 ba, wadda ta hallaka fiye da mutum 11,000 a Najeriya. A jikin jariri cutar ba kasafai take nuna sanƙarewar wuya ba kamar yadda take yi wa manya. Abin da ake gani shi ne ƙin kama nono, da amai, da kuka mai tsini wanda rarrashi ba ya tsayarwa, da yawan barci har a kasa tayar da shi, da jijjiga, da kuma maɗiga ta kumbura ta yi tauri. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, ko da jikin babu zafi, ba a kwana da shi a gida. Ki kuma duba katinsa ki tabbatar ya karɓi alluran mako 6 da na mako 10 da na mako 14 a kan lokaci, domin a cikinsu akwai masu kare shi daga wasu ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau da namoniya, sannan idan ya cika wata tara a mayar da shi a yi masa ta sanƙarau tare da ta ƙyanda da ta shawara.