Tambaya da Amsa: Wayar ofis mai aiki da intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kantin kayan gini a titin Ahmadu Bello da sito a Kakuri, mun sa wayoyin tebur shida masu aiki da intanet. Waya na ƙara mu ɗauka, abokin ciniki yana jin mu, mu ba ma jin sa. Wani sa'in ma kiran sai ya yanke bayan rabin minti. Wayoyin ne ba su da kyau? Daga wani ɗan kasuwa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka canza wayoyin tukuna, da wuya laifin ya zama nasu. Kira ɗaya ƙa'idoji biyu ke ɗauke da shi. SIP ke buga lamba, ya sa waya ƙara, ya kashe kira, yawanci ta ƙofa (wato lambar mashigar saƙo a na'ura) 5060, ko 5061 in an rufe shi da TLS, mai ɓoye saƙo. Muryar kanta RTP ke dakonta ta wasu ƙofofin daban. A Asterisk, manhajar da ke haɗa wayoyin ofis, ƙofofin daga 10000 zuwa 20000 ne. Tunda wayarka na ƙara, SIP ya iso. Murya ce ta ɓace a hanya, domin wayar ta ba wancan ɓangaren adireshinta na cikin gida, irin mai farawa da 192.168, wanda babu mai iya kaiwa gare shi daga waje. Yankewar nan ma daga nan take: in saƙon tabbatar da an ɗauka bai iso ba, SIP yakan jira daƙiƙa 32 ya katse.

Ka sa mai gyaranka ya shiga rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ya kashe SIP ALG, saitin da ke gyara adireshi a cikin saƙon SIP. An yi shi ne don ya taimaka, amma a ƙananan rautoci ya fi ɓata saƙon da gyara shi. Ya kuma duba ko rauta biyu aka jera, ta kamfanin intanet da taku. In haka ne, a mayar da ta farko gada kawai, wato ta riƙa miƙa wa taku intanet kai tsaye. Sannan ya kalli adireshin da kamfanin ya ba ku. In ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, ku da yawa ne ke raba adireshi ɗaya, buɗe ƙofa a rautarka ba zai yi komai ba. Mafita ita ce ka nemi adireshi naka na kanka, ko ka haɗa kanti da sito ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya a cikin intanet.

Don Allah kada a buɗe 5060 ga duniya baki ɗaya. Akwai masu laluben irin wannan ƙofar dare da rana, su shiga su yi ta kiran ƙasashen waje da kuɗinka. A bar adireshin kamfanin da ke ba ka layin waya kaɗai, kowace waya kuma da doguwar kalmar sirri tata.

Tambaya: A makarantarmu da ke Unguwar Rimi murya na tsinkewa da rana. In ƙara ƙarfin intanet? Daga wata shugabar makaranta.

Amsa: Hajiya, murya ba ta da ci. Kira ɗaya da G.711, ɗaya daga cikin hanyoyin mayar da murya bayanan intanet, yana cin wajen kilobit 87 a daƙiƙa ta kowane ɓangare, G.729 kuwa wajen 31. Kira goma a tare ba su cika megabit ɗaya ba. Abin da murya ba ta jurewa shi ne jira. In ma'aikaci na ɗora bidiyo ko manyan takardu, ƙunshin murya, wato gutsuren da ake aika ta a ciki, yakan tsaya layi a bayansu, wanda ya makara kuma zubar da shi ake yi. Ƙa'idar G.114 ta ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta so kada jinkirin tafiya ɗaya ya wuce milisakan 150. Asarar ƙunshi kuma a riƙe ta ƙasa da kashi 1 cikin 100. A kunna QoS a rauta, saitin da ke sa murya gaban layi, a ba murya alamar fifiko ta EF, wato 46, a kuma ƙayyade ɗorawa kaɗan ƙasa da abin da layin ke bayarwa da tsakar rana. Wayoyin tebur a haɗa su da kebul, a raba su da Wi-Fi.

Tambaya: Da an ɗauke wuta sai layinmu ya mutu har bayan an ta da janareta. Daga Kawo.

Amsa: Malam, rauta ce ke mutuwa ta sake tashi, sai wayoyin su sake rajista da uwar na'ura. Ka sayi suwici mai PoE wanda ke ba wayoyin wuta ta kebul ɗinsu, ka ɗora shi da rauta da modem a kan inbata ɗaya.