Amsar tambayarka kan koyar da taƙaita matanin Turanci

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa ɗaliban da na damƙa maka a ajin yamma suke karanta matanin Turanci su fahimce shi, har su ba ka labarinsa da baki, amma idan aka zo taƙaitawa sai makinsu ya zube, ka kuma nemi sanin ko ƙara musu haddar kalmomi ne maganin abin. Haddar kalmomi tana da amfaninta, sai dai ba nan gizo ke saƙar ba.

Ka fara da sanin nauyin abin. A takarda ta biyu ta Turanci a jarrabawar WAEC, wadda ake yi cikin awa 2, insha'i yana da maki 50, auna fahimta yana da 20, taƙaitawa kuwa tana da 30. Galibi jimloli 6 ake nema, kowace da maki 5, daga matani mai kalmomi kusan 500. Yaron da ya zubar da wannan sashe ya sa kiredit ɗinsa cikin haɗari, kuma ka san babu kiredit a Turanci babu maganar shiga Jami'ar Bayero ko wata jami'a, komai kyan sauran sakamakonsa.

Babbar cutar da ke damun yaranmu ita ce kwashe jimlar marubuci yadda take a zuba a takardar amsa. Masu duba takardu ba sa ba da komai a kan irin wannan kwafi na ido rufe, ko da amsar tana cikin abin da aka kwaso. Kada ka ɗauka lalaci ne kawai yake jawo shi. Yaron da ya tashi a Fagge ko Gwale, wanda tun yana ƙarami ake horar da shi a makarantar allo da Islamiyya kan kada ya sauya ko wasali ɗaya a abin da ya haddace, ya ginu kan girmama lafazi, kuma wannan tarbiyya ce mai daraja a muhallinta. Ga kuma tsoro, domin yana ganin Turancin marubucin ya fi nasa, saboda haka gara ya fake a bayansa. Aikinka shi ne ka fahimtar da shi cewa a wannan sashe ma'ana ake nema, kuma gajeriyar jimlarsa mai sauƙi ta fi doguwar jimlar aro kawo maki.

Ga yadda nake yi, kuma ina so ka bi shi sau da ƙafa. Su karanta tambayoyin kafin matanin, domin su san abin da suke farauta. Su karanta matanin sau biyu. Daga nan sai su kife takardar, ka tambayi ɗaya daga cikinsu da Hausa: me mutumin nan yake cewa a sakin layi na biyu? Idan ya iya faɗa maka a jimla ɗaya, ya fahimta, saura kawai ya mayar da ita Turanci daidai ƙarfinsa. Idan ya kama inda-inda, to a koma karatu, domin babu mai taƙaita abin da bai gane ba. Wasu malamai suna ƙin Hausa a ajin Turanci, ni kuwa ina ganin a wannan gaɓa ita ce ma'aunin da ba ya ƙarya, muddin za a ajiye ta da zarar an ɗauki biro.

Ɗauki misali. A ce sakin layi yana bayanin abin da ke kawo matasa birni daga karkara, marubucin ya ce noma ba ya biyan wahala, ya kawo labarin wani manomi da ya sayar da amfaninsa da arha lokacin kaka, ya lissafa kuɗin taki da na haya, ya rufe da tambaya mai sosa zuciya. Yaro zai so ya kwaso manomin da takin duka. Ka nuna masa cewa tsabar ɗaya ce, wato ƙarancin abin da ake samu a noma yana kora matasa zuwa birni, sauran duk ƙaiƙayi ne da za a sheƙe. Misali, ƙididdiga, maimaici da ado ba sa shiga amsa, kuma ana rage maki a kan duk abin da aka cusa wanda ba a tambaya ba, har da ra'ayin ɗalibin kansa.

Akwai wata ɓarakar da ke biyo baya idan ka hana su kwafi, ka sa ido a kanta. Sai yaro ya bar ginin jimlar yadda yake, ya riƙa cire kalma yana dasa 'yar'uwarta daga ƙamus, har ma'ana ta karkace bai sani ba. Inda marubuci ya ce wasu manoma, shi ya rubuta manoma duka, inda aka ce abu yana iya faruwa, shi ya ce yana faruwa. Ka koya musu su sake ginin daga tushe, su fara da wanda ya aikata ko da sakamakon, su bar sunayen cututtuka da wurare da kalmomin fanni yadda suke, domin ba a buƙatar sauya su. Wannan horo zai yi musu rana a NECO, haka ma ga mai niyyar jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, wato IELTS, inda tambayoyin karatu sukan zo da kalmomin da suka bambanta da na matanin.

Kowace amsa kuma ta zama cikakkiyar jimla mai aikatau, domin guntuwar magana rabin maki take samu, kuskuren nahawu kuma yana ƙara zaftare abin da ya rage. A darasin Asabar ka ba su matani ɗaya daga tsofaffin takardun jarrabawa, ka sa musu minti 40 a agogo, sannan ka kawo mini takardun mu duba tare kafin ka mayar musu.