Muryar Kawu a zauren dangi: Auta za ta karanta lissafi a Ngaundere

Salamu alaikum jama'ar gida. Yaya Hajiya, barka da dare, ya yaran? Na ji saƙonki tun azahar, ina aji ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce Auta ta ci Bak C, wato jarrabawar gama sakandare ta ɓangaren lissafi, an yi mata rajista a sashen lissafi na Jami'ar Ngaundere, kina tambaya wace kwamfuta da wace kalkuleta za a saya mata, tunda Alhaji ya ce a kawo masa lissafin kuɗin gaba ɗaya. To, Allah ya sanya albarka. Amma Yaya, na san ki. Ba kwamfuta ce ta hana ki barci ba. Tambayarki ita ce, yarinyar nan za ta iya, ko za ta dawo mana da akwatinta bayan shekara ɗaya kamar yadda muka ga wasu sun dawo? Ita zan amsa.

Bari in sallami maganar kuɗi tukuna. Kalkuletar da ta yi Bak da ita ta isa, ta ma yi yawa. A jarrabawar analiz da aljabra, manyan darussan lissafi na shekarar farko, ko malami ya bari a shiga da ita, ba abin da za ta danna. Kwamfuta kuwa a samo ta hannu mai lafiya, don akwai darasin rubuta manhaja, amma ba gaggawa ba ce. Kuɗin makaranta jaka 50 ne na sefa, wato dubu hamsin, a jami'o'in gwamnati, kuma ana iya biya kashi biyu. Abin da zai ci kuɗi shi ne ɗaki, don jami'ar tana Dang, wajen kilomita 15 daga cikin gari, kuma yarinyar da ke da darasi da sassafe ba za ta dinga jiran mota kullum ba. A sa mata bargo da rigar sanyi. Ngaundere kan tudu take, ba Garwa ba ce.

Yanzu Auta, ke nake wa magana, ki ajiye abin da kike yi ki saurara.

Tsarin kin san shi sama-sama, LMD, wato Lisans, Masta, Dakta. Lisans, digirin farko, shekara uku, zango shida, kowane zango kiredi 30, wato ma'aunin nauyin darussa, jimla 180. Kowane darasi sai kin samu 10 cikin 20. Galibi CC, wato gwajin tsakiyar zango, yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari, babbar jarrabawa kashi 70. Wanda ya faɗi yana da ratarapaj, wato damar sake jarrabawar. Wannan duk delegen ajinku, wato wakilin ɗalibai, zai faɗa muku a makon farko, ba sai na ɓata baki ba.

Abin da delege ba zai faɗa miki ba shi ne, lissafin da kika ci Bak da shi da wanda za ki tarar can, suna kawai suka haɗa. A lise, wato sakandare, an ba ki hanya, kin bi, kin fito da amsa, an ja layi biyu a ƙarƙashi. A can, sau da yawa amsar tana cikin tambayar tun farko. Za a ce miki ga magana, nuna cewa gaskiya ce. Hujja ake nema. Kuma hujja daban, misali daban, wannan shi ne inda yaranmu ke zubewa.

Ɗauki biro, ina jira. Rubuta n sau n, a tara da n, a tara da 41. Sa sifili a gurbin n, kin samu 41. Sa 1, 43. Sa 2, 47. Sa 3, 53. Sa 4, 61. Sa 5, 71. Kin lura? Duka lambobi ne da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Ci gaba, sa 10, 151, ba ta rabuwa. Sa 20, 461, ba ta rabuwa. Ki kwana kina yi har ki kai 39, za ki samu 1601, ita ma haka. Sau 39 kenan a jere… a'a, sau 40, tunda daga sifili muka tashi. Sau 40 ba kuskure ko ɗaya! Wane ɗan lise ne ba zai rantse ya ce wannan doka ce ba? To sa 40. Kin samu 1681. Ita kuwa 41 sau 41 ce. Shi ke nan, magana ta rushe. Tun ƙarni na 18, zamanin Euler, aka san wannan tarkon, kuma har gobe yana kama mutane. Duk shekara ina ba 'yan ajina na ƙarshe, duk shekara sai wani ya gwada biyar ya rubuta mini “saboda haka kullum haka ne”. Kullum ina? Wa ya gaya maka? Wani ma har gardama ya yi da ni, wai ai sau ɗaya ne kawai ta karye. Na ce masa ba sau ɗaya ba ne, gwada 41 ka gani, ko ba ka lissafa ba kowane yanki na rabuwa da 41. Kuma ko da sau ɗayan ne, misali guda na rushe magana, misali dubu ba sa tabbatar da ita. In kin riƙe wannan kaɗai kafin ki hau mota, kin riga rabin amfi, wato rabin 'yan babban zauren lacca.

Na biyu, ki koyi karanta jimla a hankali. Makonnin farko na aljabra mantiƙi ne da tarin abubuwa, yara suna raina shi don ba lambobi a ciki. Saurari wannan: “kowane yaro yana da wata uwa.” Gaskiya ne. Yanzu juya: “akwai wata uwa da ta haifi kowane yaro.” Kalmomin kusan ɗaya ne, amma ta biyu ƙarya ce tsagwaronta. Wannan juyin na “ga kowane” da “akwai wani”, shi ne ƙashin bayan analiz gaba ɗaya. Ranar da malami zai rubuta efsilon a allo, harafin da ke nufin 'yar ƙaramar tazara, za ki ga amfi ya yi tsit. Abin ba aljani ba ne. Ɗauki jerin 1, rabi, ɗaya bisa uku, ɗaya bisa huɗu, haka dai. A lise kin ce yana tafiya sifili, an ba ki maki. A can sai an ƙure ki: in na ba ki 'yar tazara, ko ta ɗaya bisa 1000 ce, daga wane wuri ne duk sauran lambobin jerin za su faɗa cikinta? Ki ce daga bayan ta 1000. In na ce ɗaya bisa miliyan? Daga bayan ta miliyan. Kowace tazara na kawo, kina da wurin da za ki nuna mini. Ni nake fara zaɓa, ke ki amsa. In kika juya tsarin, sifili za a ba ki, ba na jerin ba, na maki.

Abin da ake so daga gare ki a shekarar farko ke nan, da kuma TD, wato zaman warware tambayoyi da malami. Takardar TD za a raba muku kafin ranar zama. Ki zauna da ita ke kaɗai, ki yi ta fama, ko tambaya biyu kika iya cikin goma. Wanda ya sha wuya a kan tambaya, in aka warware ta a allo, nan take take shiga kansa. Wanda ya zo da farar takarda kwafa kawai yake yi. Kuma don Allah ki rabu da ɗaukar hoton allo da waya. Hoto ɗari uku a waya, ko ɗaya ba a buɗe ba sai daren jarrabawa!

Kai, wannan ya tuna mini da masu sayar da tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu a shagunan fotokwafi. Tambayoyin ki saya, suna da amfani. Amsoshin ne nake jin haushi. Wani da ya maimaita aji ne ya rubuta, an kwafa an sake kwafa har alamar “ƙasa da” ta koma “daidai da”, yara kuma su haddace kamar karatun allo. Malami ya sauya lamba ɗaya, aji guda su rubuta masa amsar bara, da kuskurenta. Na taɓa zama da wani yaron unguwarmu da ya dawo hutu, ya karanto mini hujjar cewa saiwar 2, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 2, ba ta rubutuwa a matsayin lamba bisa lamba, tiryan-tiryan ba gargada. Na ce madalla, yi mini ta 3. Ya tsaya yana kallon silin.

Sai masu cewa lissafi ai ƙarshensa alli. An faɗa mini wannan a gaban mutane wajen wani suna, mai maganar yana cikin zauren nan, ba zan kama suna ba. E, alli nake riƙewa, da shi na aurar na kuma gina. Kuma wa ya ce hanyar ɗaya ce? Ga ENS ta Marwa, makarantar horar da malamai, ga mai son koyarwa, tun da aka buɗe jami'ar can a 2008. Ga ISSEA a Yawunde ta ƙididdiga, ga AIMS, cibiyar ilimin lissafi ta Afirka, a Limbe tun 2013 ga masu son zurfafawa. Mu da malaminmu na Katsina, Muhammad al-Kashinawi, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi tun 1732, har ya rasu a Alƙahira, yau a ce mana… bar shi dai, dare ya yi, ba shi aka tambaye ni ba.

Yaya, za ta iya. Na ga takardunta na lise, yarinyar tana rubuta dalili kafin amsa, ba kowa ke yi ba. Amma ki shirya, wataƙila CC na farko ta kira ki tana kuka ta samu 6 ko 7. Kada ki ce ta tattaro ta dawo, kada kuma a fara cewa hannu aka sa mata. Ki turo ta wurina mu duba takardar layi-layi. Ta nemi ƙawaye biyu ko uku masu yin TD da gaske, ta dinga zuwa amfi da wuri ta zauna gaba, don daga baya ba a ganin ƙananan alamomin nan.

Auta, ga aikinki kafin Juma'a. Nuna mini cewa n sau n sau n, a cire n, kullum tana rabuwa da 6, kowace cikakkiyar lamba aka sa. Da hannu za ki rubuta, da Faransanci, cikakkun jimloli, ki turo mini ni kaɗai ba a zaure ba. In kika turo mini misalai biyar, ba zan ma buɗe ba. Sai da safe.