Kukan da kike yi wa tsamiyar ƙofar gidanku

'Yar'uwa, kin tambaya ko ya dace mutum ya yi ta hawaye don an sare tsamiyar da kakanki ya shuka saboda faɗaɗa titi. Wallahi ya dace, kada wanda ya sa ki jin kunya. A inuwarta aka yi ta shimfiɗa tabarma ana zaman suna da zaman makoki, 'ya'yanta kuma su aka jiƙa aka dama muku kunu duk azumi. Ta yaya zuciya ba za ta yi nauyi ba?

A Nijar ma haka aka yi. Bishiyar nan ta hamadar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai cikin rairayi, ayarin gishiri na Azalai suna yada zango a gindinta, wani direban babbar mota ya kaɗe ta a 1973. Ba a yar da gawarta ba, an kai ta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Idan kututturen tsamiyarku yana nan, ki roƙi a bar shi, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, sau da yawa yakan yi toho. Ki kuma nemi ƙwallayenta a ƙasa, ki jiƙa su kwana ɗaya, ki shuka a leda kafin damina ta faɗi.