Amsar tambaya kan Pratt & Whitney

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari muryarka, kana tambaya wai ko su Pratt da Whitney ɗin ne suka ƙera injin jirgin sama da ake kira da sunansu. To a'a, ko ƙyallinsa ba su gani ba. Francis Pratt ya rasu a 1902, lokacin ma 'yan gidan Wright ba su ɗaga jirginsu ba, sai 1903. Amos Whitney kuma 1920.

Su mutanen ƙarfe ne. A 1860 suka buɗe a Hartford, jihar Connecticut ta Amurka, suna yin injunan sassaƙa ƙarfe, waɗanda da su ake ƙera keken ɗinki da bindigogi, balle da yaƙin basasarsu ya ɓarke. Abin da ya fito da su shi ne awo. Wato notin da aka yi a wannan gari ya hau kusar da aka yi a wancan gari daram, ba sai an goga ba.

Nan fa abin ke min ciwo wallahi. Ka kai wa mai inji ƙarfe ya rage maka, sai ya kanne ido ɗaya ya ce "Oga zai shiga." Da boris ya ƙi zama sai ya jawo guduma. Na ce masa ina ma'auninka, wai yaro ya ara. Ma'auni ake arawa? Ba a jima ba boris ya ci wuta, kuɗina kuwa har yau... kai, a bar maganar.

Ina muke? Yawwa, 1925. Wani Frederick Rentschler, da ya baro kamfanin Wright Aeronautical a 1924, ya zo da tunanin injin da iska ke sanyaya shi, babu lagireto babu ruwa, ga shi ba nauyi. Masu kamfanin ƙarfen suka ba shi dala 250,000, da fili a masana'antarsu, da sunan. Shi da injiniyansa George Mead suka kammala shi a ƙarshen Disambar shekarar, silinda 9 a zagaye, ƙarfin doki 425, suka sa masa Wasp, wato zanzaro. Sojan ruwan Amurka suka yi odar 200. A 1929 ya raba gari da masu ƙarfen, ya haɗe da su Boeing, amma ya tafi da sunan. Ka ga kenan kamfani biyu ne, suna ɗaya.

Boeing 747 na farko injin kamfanin nan na Rentschler ya ɗauka, JT9D. Kuma jiragen yaƙi Super Tucano 12 ɗin nan da sojan samanmu na Najeriya suka karɓa a 2021, da wani ke ta musu a nan wai komai nasa na Brazil ne, zanen jirgin ne na Embraer, kamfanin Brazil. Injin PT6 ne, na reshen Pratt & Whitney da ke Kanada.