Da jihadin Shehu ya faɗi, ina Damagaram za ta tsaya?

Assalamu alaikum. Malam, ka yi tambaya: da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai ci nasara ba, yaya sarautun ƙasar Hausa za su kasance? Na daɗe ina koyar da tarihi a nan Damagaram, na kuma zauna da dattawan Birni, bari in faɗi nawa.

Abin da ake mantawa, saura ƙiris ya faɗin. Bayan nasarar Tabkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu sun sha kashi a Tsuntsuwa, aka rasa mahaddata masu yawa, aka kuma a Alwasa a 1805. Da Sarkin Gobir Yunfa ya ƙarasa su a lokacin, da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi a 1808 ba, da babu Tsibiri a matsayin gidan sarautar Gobirawa, da Ɗan Kasawa, na tsohon gidan sarautar Katsina, bai bar Katsina ya je ya kafa sarauta a Maraɗi ba.

Wanda ɗalibaina ba su son ji shi ne namu. A ganina Damagaram ta ci ribar jihadin da ba ta shiga ba. A lokacin mu talakawan Barno ne, muna kai gaisuwa. Faɗuwar Gazargamu, babban birnin Barno, a 1808 ta girgiza Barno, masu gudu daga Katsina da Daura suka kwararo nan, fatake suka ƙara bin hanyar Zinder zuwa Agadas da Tarabulus. Da haka Sarkin Damagaram Tanimun ya samu sararin gina ganuwa da ƙera igwa. Da Barno ta tsaya da ƙafarta, Katsina kuma na riƙe da kasuwar Sahara, wa zai bar shi? Ni dai ban ga yadda Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga zai yi tunanin kai wa Kano hari ba.

Sai maganar iyaka, wadda ta fi ci mini rai. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ja layi daga Say, a bakin kogin Neja, zuwa Barruwa, a bakin tafkin Chadi, da sharaɗin duk abin da ke na Sakkwato ya faɗa hannun Ingila. Babu Sakkwato, babu wannan hujjar. Turawa sai sun bi sarakuna ɗai-ɗai, layin ya faɗa wani wuri daban. Wataƙila da yau ba a sauke mu a Ɗan Barto, kan iyakar Nijar da Najeriya, muna nuna takarda ga 'yan duwan, muna canza sefa zuwa naira, don kawai za mu gaisuwar rasuwa wajen dangi a Daura.